Murten, ƙaramin garin da ya tare wa Sarkin Burgandi hanya

Tambaya: Malam, ina karatu a Fribourg, a ƙasar Suwizalan. Abokan karatuna sun matsa mini lallai sai na je Murten, wasunsu kuma Morat suke ce masa. Na duba taswira, na ga ɗan ƙaramin gari ne a bakin tafki. Me ya faru a can da ake ta zuzuta shi haka? Idan kuma na je, me ya kamata in kalla?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka sun ba ka shawara mai kyau, ka je. Murten da Morat gari ɗaya ne, na farko sunansa a bakin masu Jamusanci, na biyu a bakin masu Faransanci, kuma duka biyun za ka gani a allon tashar jirgin ƙasa. Daga inda kake tafiyar kilomita 17 ce kawai, daga Bern kuma wajen 30. Mutanensa ba su kai dubu goma ba, ko da an haɗa da ƙauyukan da aka haɗe da shi a 'yan shekarun nan. Roƙona ɗaya gare ka shi ne, kada ka fara da shaguna da wuraren shan shayi na babban titi. Ka hau ganuwa tukuna, ka dubi ƙasar da ke kewaye, domin shimfiɗar ƙasar nan ita ta jawo wa garin duk abin da ya same shi, mai daɗi da marar daɗi.

Garin yana kan wani tudu ne da ya leƙo tafkin Murten ta gefen kudu maso gabas. Tafkin ba babba ba ne: tsawonsa ya ɗan haura kilomita 8, faɗinsa bai cika 3 ba, inda ya fi zurfi kuma mita 45 ne. Kogin Broye yana shigo masa ta kudu maso yamma, ya fita ta ɗaya ɓangaren ya nufi tafkin Neuchâtel. A tsallaken ruwa za ka hango dutsen Vully, mai tsayin mita 653, gangarensa cike da gonakin inabi. Ta arewa maso gabas kuma akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Grosses Moos, wanda a da fadama ce mai laka da sauro, ba doki ba amalanke. To ka ga, wanda ya taso daga Lausanne zai je Bern a zamanin da, tafki ya tare shi ta hagu, fadama ta tare shi ta gaba, tuddai da daji suna dama. Hanyar da ta rage masa ta ƙofar Murten ta bi. Wanda duk ya riƙe wannan tudu ya riƙe hanyar Bern.

Mutane sun daɗe da gane amfanin wurin. A bakin tafkin, a Murten ɗin kansa da kuma Greng da ke kusa, an tono ragowar ƙauyukan da aka gina kan turakun itace tun zamanin da ake aiki da makaman dutse, kuma suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2011. A zamanin Rumawa babban birnin yankin, Aventicum, yana kilomita 8 ne kacal daga nan, inda garin Avenches yake a yau. Amma garin da za ka taka da ƙafarka sarakunan gidan Zähringen ne suka kafa shi a wajajen 1170 zuwa 1180. Su ne dai suka kafa Fribourg a 1157 da Bern a 1191, shi ya sa idan ka shiga babban titin Murten za ka ji kamar ka san shi: titi mai faɗi wanda shi ne kasuwa, da dogayen rumfuna na dutse a ƙarƙashin benaye hagu da dama, yadda mai sayayya zai bi shago shago ruwan sama bai taɓa shi ba. Zuriyar Zähringen ta ƙare a 1218. A 1238 Sarkin Jamus Konrad na Huɗu ya yafe wa mutanen garin haraji na shekara huɗu bisa sharaɗin su gina ganuwa mai tsayin ƙafa 12. A 1255 garin ya shiga ƙarƙashin kariyar Peter na gidan sarautar Savoy, wanda ya gina fadar da ke kusurwar yamma. A 1416 gobara ta cinye garin, daga nan aka bar katako aka koma ginin dutse.

Abin da ya sa kowane yaron makaranta a Suwizalan ya san sunan Murten kuwa, shekarar 1476 ce, kuma a nan zan ɗan daɗe.

A lokacin akwai wata daula mai ƙarfi da ake kira Burgandi, wadda ta taso daga gabashin Faransa ta yau ta haɗa da Beljiyam da Holan. Mai mulkinta shi ne Charles, wanda tarihi ya yi wa laƙabi da Mai Ganganci. Yana cikin masu arzikin Turai na sahun gaba, kuma burinsa ya haɗe yankunansa da suke warwatse su zama masarauta ɗaya. Rundunarsa ta zamani ce a ma'aunin lokacin: igwogi masu yawa, dakarun doki masu sulke, 'yan baka daga Ingila, sojan haya daga Italiya. Bern da ƙawayenta sun shelanta masa yaƙi a watan Oktoba na 1474, da zugar Sarkin Faransa Louis na Sha Ɗaya da kuɗinsa. Shi kuma mai riƙe da Murten, Jacques na gidan Savoy, hakimin Romont, yana bayan Charles. Don haka a watan Oktoba na 1475 Bern da Fribourg suka mamaye Murten, saboda sun san idan ya zauna a hannun abokin gaba ƙofarsu a buɗe take.

Charles ya fara karawa da su a Grandson, wani gari a bakin tafkin Neuchâtel, ranar 2 ga Maris 1476. Rundunarsa ta watse, ya bar musu ganima da ba su taɓa ganin irinta ba, har da lu'ulu'ai da darduman bango da igwogi. Sai dai mutanensa ba su mutu da yawa ba a wannan karon. Ya koma Lausanne ya sake haɗa runduna ta sama da mutum dubu ashirin, ya nufi Bern, ya iso Murten ranar 9 ga Yuni.

Mutumin da ke cikin garin yana jiransa shi ne Adrian von Bubenberg, kuma a cikin labarin nan kaf babu wanda nake ganin girmansa kamar shi. Babban mutum ne a Bern, ya taɓa shugabantar birnin, amma bai yarda da wannan yaƙi ba tun farko. Ya faɗi ra'ayinsa a fili, har abokan hamayyarsa suka fitar da shi daga majalisa a 1475. Da wuta ta zo gindi, sai ga shi shi aka nema, aka danƙa masa Murten da mutum kusan 2,000. Bai ce ai na faɗa muku ba. Ya karɓa, ya rushe gine-ginen da ke wajen ganuwa don kada maƙiyi ya samu maɓoya, ya zauna. Kwana goma sha biyu rundunar Burgandi tana yi wa garin ƙawanya, igwoginta suna dukansa. Sun fasa ganuwa ta ɓangaren arewa maso gabas, masu tsaro suna toshewa da dare da ƙasa da katako da duk abin da hannu ya kai gare shi, mata da yara suna cikin masu ɗauko kaya. Ranar 18 ga Yuni aka kawo babban farmaki ta wannan ɓarakar, aka yi sa'o'i ana gwabzawa, masu farmakin suka koma da asara mai yawa. Ta tafki ne Bubenberg yake aika saƙo da kwale-kwale, domin Charles bai iya rufe ruwan ba.

Waɗannan kwanaki su ne suka ba sauran jihohin damar taruwa. Ka sani a lokacin ba ƙasa ɗaya ce dunƙulalliya ba, ƙawance ne na birane da yankunan karkara, kowa da ra'ayinsa, kuma wasu ba su ɗauki Murten a matsayin ƙasar da wajibi ne su kare ba sai da suka ga barazanar ta doshi Bern kanta. Mutanen Zurich, a ƙarƙashin Hans Waldmann, sun yi tafiyar kwana uku cikin ruwan sama kafin su iso. René, mai mulkin Lorraine, wanda Charles ya ƙwace wa ƙasa, ya zo da mahayansa. Jimillarsu ta kai wajen dubu ashirin da biyar.

Charles ya san suna tafe. Ya sa an kafa shingen itace da ƙaya a kan tudun da ke gabas da garin, an jera igwogi a bayansa, nufinsa su fito daga daji su faɗa bakin wuta. Sau da dama ya fito da runduna ta tsaya a bayan shingen, ba kowa. Ranar Asabar 22 ga Yuni gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya yanke cewa yau ma ba za su zo ba, ya bar 'yan dubbai kaɗan a shingen, saura suka koma tantuna. Da rana ta take, sai ga mayaƙan Suwizalan sun fito daga daji a dunƙule, sahu bayan sahu, da dogayen masu da gatura masu dogon ƙota. Igwogin sun yi musu ɓarna a karon farko, amma igwar wancan zamani kafin a sake ɗura mata albarushi an daɗe. Wani rukuni ya zagaya ta wani kwazazzabo ya ɓullo ta gefen shingen, shi ke nan. Sojojin Burgandi da ke tahowa daga sansani suna zuwa kashi kashi, wasu ko sulke ba su gama ɗaurawa ba, ana bi ta kansu. Bubenberg ya buɗe ƙofa ya fito musu ta baya. Tafkin da ya hana Charles rufe garin shi ya hana mutanensa gudu.

Abin da ya biyo baya kisa ne, kuma ba na son a lulluɓe shi da kirari. An riga an yi shawarar ba za a kama kowa da rai ba, saboda a Grandson, kafin a gwabza wancan yaƙin, Charles ya rataye ko ya nutsar da ɗaruruwan masu tsaron da suka miƙa wuya. Waɗanda suka faɗa ruwa aka bi su da kwale-kwale, waɗanda suka hau bishiya aka harbo su. An ƙiyasta mutanen Burgandi da suka mutu sun kai wajen dubu goma, na ɗaya ɓangaren kuwa 'yan ɗaruruwa. Charles ya tsira a kan doki, amma bayan wata shida da 'yan kwanaki, ranar 5 ga Janairu 1477, aka kashe shi a Nancy, babban birnin Lorraine. Masu Jamusanci suna da wata magana da suke yi a kansa, cewa a Grandson ya rasa dukiya, a Murten ya rasa zuciya, a Nancy ya rasa jini.

Bai bar ɗa namiji ba. Sarkin Faransa ya haɗiye Burgandi ta asali, 'yarsa Mariya kuma ta auri Maximilian na gidan sarautar Habsburg na Austriya a 1477, ta haka Beljiyam da Holan suka faɗa hannun wannan gida, aka buɗe gaba tsakanin Faransa da Habsburg da ta ɗauki ƙarnuka. Fribourg ɗin da kake zaune a ciki ta shiga ƙawancen Suwizalan a 1481 sakamakon wannan yaƙi. Sarakunan Turai kuma suka shiga rububin ɗaukar 'yan Suwizalan sojan haya, wanda dogaran Fafaroma da aka kafa a 1506 ragowarsa ne.

Shi Murten bai samu 'yanci ba don ya yi juriya. Daga 1484 har 1798 Bern da Fribourg ne suke mulkinsa tare, kowacce tana turo hakimi na shekara biyar, su yi ta karɓa-karɓa. A wannan zamani ne Jamusanci ya rinjayi Faransanci a garin, a 1530 kuma, bayan wa'azin Guillaume Farel, mutanensa suka bar ɗarikar Katolika suka koma Furotesta kamar Bern. Da Napoleon ya sake tsara ƙasar a 1803, sai ya ba jihar Fribourg garin, alhali hankalin mutanensa yana wajen Bern. Ka ga ke nan gari mai Jamusanci, mai bin Furotesta, a cikin jiha mai rinjayen Faransanci da Katolika. Har yau mafi yawan mazauna Jamusanci ne harshensu, amma idan ka haye ruwa zuwa Vully, gaisuwa ta koma Faransanci. Iyakokin ma a cakuɗe suke: ƙauyen Münchenwiler da ke dab da garin na jihar Bern ne duk da ƙasar Fribourg ta kewaye shi, ƙauyen Clavaleyres kuwa sai a farkon 2022 ya bar Bern ya haɗe da Murten, bayan an kaɗa ƙuri'a a matakai daban-daban.

Fadamar nan da na ambata ba za ka gan ta ba, domin an busar da ita. Kogin Aare ya saba yin ambaliya ya mayar da ruwa baya, gonaki su nutse, zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutane. Wani likita daga yankin, Johann Rudolf Schneider, ya shafe shekaru yana fafutuka, injiniya Richard La Nicca ya zana aikin, aka yi shi daga 1868 zuwa 1891. An karkatar da Aare ta wata babbar magudana aka zuba shi a tafkin Biel, aka faɗaɗa hanyoyin ruwan da suka haɗa tafkuna uku, Murten da Neuchâtel da Biel, ruwansu ya sauka da wajen mita biyu da rabi. An ƙara wani zagaye na aikin daga 1962 zuwa 1973. Inda sauro yake a da, yanzu nan ne lambun ƙasar: karas, albasa, latas, kabeji, fili iya ganinka. Sai dai baƙar ƙasar fadama idan ta bushe tana lotsawa a hankali, kuma wannan damuwa ce ta gaske ga manoman wurin a yau. Idan ka sauka unguwar Ryf da ke ƙasan tudu, ka lura da tazarar da ke tsakanin tsofaffin gidaje da bakin ruwa. A da ruwan yana kusa da ƙofofinsu, nan ne ake sauke kaya daga jirage.

Yanzu abin kallo. Ganuwar ita ce gaba da komai, kuma tana cikin waɗanda suka fi tsira a ƙasar baki ɗaya, da hasumiyoyi 12. Hawa kyauta ne da rana. Akwai matakala ta bayan cocin Jamusanci, ka hau ka bi wani siririn baranda na katako mai rufi, wanda mutum biyu sai sun kauce wa juna. Ta ciki za ka ga rufin gidaje na jan tayil sun haɗe kamar tabarma, da bututun hayaƙi iri-iri, tafki da dutsen Vully a bayansu. Ta waje, ta ƙananan tagogin harbi, za ka ga lambunan da aka yi a cikin tsohon ramin ganuwa, can gaba kuma tudun Bois Domingue inda Charles ya kafa tantinsa. In ka sauko, ka zagaya ta waje ka dubi jikin bangon sosai: ƙasansa duwatsun rafi ne mulmulallu, tsakiya wani dutse mai ramuka-ramuka, sama kuma sassaƙaƙƙen dutsen yashi. Kowane kashi zamaninsa daban, ana ƙara tsayi yadda makamai suke ƙara ƙarfi.

Ƙofar Bern, wadda ake shiga babban titi ta cikinta, an sake gina ta a 1777 zuwa 1778, amma injin agogonta na 1712 ne, kuma har yau da hannu ake wana shi kullum. Fadar Savoy ofishin shugaban gunduma ce yanzu, ba a shiga ɗakunanta, amma farfajiyarta a buɗe take kuma daga nan tafkin ya fi kyan gani. Cocin Jamusanci yana da mumbarin itace na 1484, kuma wani ɓangarensa a cikin hasumiyar ganuwa yake. Ƙaramin cocin Faransanci an gina shi ne 'yan shekaru bayan yaƙin. Gidan tarihin garin yana cikin tsohon gidan niƙa a ƙasan fada, kuma ya cancanci awa guda. A can za ka ji labarin giwar 1866: giwar wasu masu wasan nishaɗi ce ta kashe mai kula da ita ta shiga gari, aka tare ta a lungu, aka aika Fribourg aka kawo igwa aka harbe ta, aka sayar wa mutanen gari naman. Ƙasusuwanta suna gidan tarihin halittu na Bern.

A ƙauyen Meyriez da ke dab da garin, gefen hanya, akwai wani dogon ginshiƙin dutse. A wurin ne aka tara ƙasusuwan waɗanda suka mutu a yaƙin cikin wani ɗaki, suka shekara fiye da ɗari uku, har sojojin Faransa suka rushe ɗakin a 1798, aka kafa ginshiƙin a farkon shekarun 1820. Wani lokaci kuma ruwan tafkin yakan yi ja-ja, mutanen wurin su ce jinin 'yan Burgandi ne ya taso. Wata irin gansakuka ce mai launin ja, wadda masanin tsirrai de Candolle na Geneva ya yi bayaninta bayan ta bayyana a wannan tafki a 1825.

Kan abinci, abin da garin ya yi suna da shi shi ne Nidelkuchen, wani faifan burodi mai laushi da aka shafe da kirim da sukari aka gasa. Akwai ɗan'uwansa na tsallaken ruwa da ake kira kek ɗin Vully, amma ka tambaya kafin ka saya, domin mai gishirin da naman alade ake yin sa. Kifin tafki soyayye yana ko'ina a bakin ruwa, shi ma ka tambaya ko an sa giya a ƙullun ko a miyar.

Game da lokacin zuwa, ranar 22 ga Yuni ake bikin tunawa da yaƙin, wanda suke kira Solennität, yaran makaranta su yi jerin gwano cikin fararen kaya, a ƙawata maɓuɓɓugan ruwan titi da furanni. Lahadin farko na Oktoba kuma ake tseren Murten zuwa Fribourg, kilomita 17 da ɗoriya, wanda aka fara a 1933. Tushensa labarin wani manzo ne da aka ce ya sheƙo da gudu da reshen bishiya a hannu ya kai albishirin nasara Fribourg, ya faɗi ya mutu, aka dasa reshen ya zama bishiya. Labarin baka ne, amma tsohuwar bishiyar da ake dangantawa da shi ta tsaya a gaban majalisar birninku har cikin shekarun 1980. A watan Janairu ana bikin fitilu da dare, sai dai sanyi da hazo na yankin ba wasa ba ne. Ni dai zan ce ka je tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da jiragen ruwa suke aiki. Ka yi safiya a Murten, da rana ka hau jirgin ƙasa na 'yan mintuna zuwa Avenches ka ga filin wasan Rumawa da ragowar ganuwarsu, inda aka tsinci mutum-mutumin zinariya na Sarki Marcus Aurelius a cikin magudanar ruwa a 1939. Kafin magariba ka koma Fribourg.